Ɗigon da Ya Gusa

An ɗauke wuta a Kakuri tun la'asar,
na jona kwamfuta da batirin motar Jatau.
Hoto huɗu na sararin sama, daga madubin wata ƙasa mai nisa,
tsakanin kowanne da ɗan'uwansa minti ashirin.
Na jera su, na dinga juyawa
kamar mai tsince tsakuwa a faifan shinkafa.

Taurari duk sun kafe, kowa a gurbinsa.
Sai ɗigo guda, bai kai ƙwayar gero ba,
ya gusa.
Na murza ido. Ya sake gusawa.
Sauro na cizona a idon sawu, ban kore shi ba.

Suka ce: mun karɓa, amma ki dakata,
gani ɗaya ba ya zama shaida.
Suka liƙa masa shekara da haruffa biyu da lamba,
irin takardar da ake ɗaura wa buhu a tashar jirgi.

Dutse ne, in ji lissafi,
faɗinsa kamar daga ƙofarmu zuwa gadar kogi.
Yana tafe tsakanin Mirrihu da Mushtari
cikin ayarin 'yan'uwansa
waɗanda ba su samu dunƙulewa sun zama duniya ba.
Ba shi da haske, na rana yake ara.
Shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya kewayo,
hanyar ma ba da'ira ce sosai ba, ta ɗan yi ƙwai,
ta ɗan karkace kamar hular mai ji da kansa.

Inna ta ce: jariri kwana bakwai yake yi a raɗa masa suna,
wannan wane irin jego ne?
Na ce sai an gan shi, an kuma gani, an kuma,
sai an tabbata ba zai sulluɓe wa masu lissafi ba.

A cikin jiran na gama makaranta.
Aka rushe garejin Jatau, titi ya bi ta kai.
Mangwaron tsakar gida ya yi 'ya'ya sau tara.
Baba ya daina fita,
sannan ya daina tashi zaune,
sannan muka raba wainar sadakar arba'in.

Mutumin da ya shekara talatin yana bin layin dogo da ƙafa,
guduma a kafaɗa,
ya ƙwanƙwasa ƙarfe, ya kasa kunne,
ya kai iyakar rabonsa ya juyo,
gobe ma haka, jibi ma haka.
Ba wanda ya san sunansa a cikin tarago.
Jirgi dai ya wuce lafiya, shi ke nan.

Ranar da saƙo ya iso
cewa hanya ta tabbata, an ba dutsen lamba ta dindindin,
kuma zaɓen suna yana hannuna,
kada dai ya wuce haruffa goma sha shida,
biyar kawai na rubuta:
Nomau.

Ba rago, ba wanzami, ba maroƙi.
Shi dutsen ma bai san an kira shi ba.
Inna ta dama kunun gyaɗa, ta ce sai na nuna mata.
Muka fita bayan isha'i, janareton maƙwabta na tari.
Na duba takarda, na miƙa yatsa
sama da tankin ruwa, hagu kaɗan da eriya.
Babu komai a wurin. Baƙi ne kawai.
Na ce: ido ba ya kai masa, Inna.

Ta daɗe tana kallo, kofi na hucewa a hannunta.
Ta ce: haka yake dama, ba ya son a gan shi yana aiki.
Yaushe zai sake matsowa kusa?
Na ce wata goma sha biyar, in muna da rai.

Ta gyara mayafi, ta tattara kofuna.
Daga bakin ƙofa na ji ta tana cewa:
ai bai taɓa makara ba.